Zaman Ɗaki Ɗaya a Samaru da Sabon Gari

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

 Yau maganar ɗaki za mu yi, ɗaki ƙwaya ɗaya tal, wanda a cikinsa ake kwana, a ci abinci, a yi salla, a yi karatu, a karɓi baƙo, wani lokaci ma a ɗora tukunya. Malam, in kana Hayin Dogo ko Ɗanraka ko Zango ko Palladan kana jina, Hajiya, in kina Muciya ko Cikaji ko Dogarawa, to a ɗan waiga a dubi ɗakin da ake ciki, don da ku nake.

Masu irin wannan zama a yankinmu ba su ƙidayuwa. Akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, akwai masu bautar ƙasa, da ƙananan ma'aikata, da yaran shago a kasuwar Sabon Gari, ga kuma sabbin ma'aurata da suka fara rayuwa da abin da Allah ya hore. Tun asali ma haka unguwannin nan suka tashi. Sabon Gari ya kafu ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan da layin dogo ya iso Zariya wajen 1911, aka yi ta gina wa ma'aikatan reluwe da baƙin 'yan kasuwa gidajen haya, ɗakuna a jere suna kallon juna, lungu a tsakiya, kicin da banɗaki can baya na kowa da kowa. Samaru kuwa tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 ce ta fara jawo mata jama'a, sai jami'a ta buɗe a 1962, gari ya cika ya batse. Ga ɗakunan kwanan ɗalibai nan a cikin makaranta, su Amina da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo, har da waɗanda Ɗangote ya gina daga baya, amma ba su taɓa isar kowa ba. Wanda bai samu gado a ciki ba, sai ya tsallako titi ya nemi ɗaki.

Ƙaramin ɗaki ba baƙon Bahaushe ba ne. Ku shiga cikin birnin Zariya ku leƙa tsofaffin gidajen ƙasa, za ku tarar ɗakunan ba su da wani girma. Azara ce ta jawo haka, domin itacen giginyar da ake rufi da shi ba ya jure nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, sai an haɗa da dabara. Ita wannan dabara, ta bakan gizo, ita ce Babban Gwani Mika'ilu ya gwanance a kanta har ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amma talaka ɗan ɗakinsa yake yi, ya kuma zauna lafiya a ciki. Me ya sa bai takura ba? Saboda ɗakin kwana ne da ajiya kawai. Girki a madafi ake yi, daka da wanki da hira a tsakar gida, baƙo namiji a zaure yake tsayawa, hatsi yana rumbu. Shi kuwa ɗakin haya na Samaru, duk waɗannan ayyuka an tattaro an jibga masa. Shi ne zaure, shi ne tsakar gida, shi ne rumbu.

Saboda haka abin da nake so mu riƙe yau shi ne, a ɗaki ɗaya, filin da ƙafa za ta taka da iskar da hanci zai shaƙa su ne kayan ɗaki na farko. Duk wani abu da za a shigo da shi, daga cikin waɗannan biyun zai ci. Kuɗin haya da kake biya duk shekara, fili ka saya da su, to kada ka ba kujerar da babu mai zama a kanta.

A fara da awo. Kafin a je wurin kafinta ko mai katifa, a ari tef wurin tela, in babu a samu igiya a ƙulla alama. A auna tsawo da faɗi, a auna faɗin ƙofa, a duba inda taga take da inda soket yake. Bari mu yi lissafi tare. Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 10 da 12, irin wanda ya yi yawa a gidajen hayarmu. Filinsa murabba'in ƙafa 120 ke nan. Katifa babba mai ƙafa 6 da 6 ta cinye 36, ban da katakon gado. Sif mai faɗin ƙafa 6 da zurfin ƙafa 2 ya ɗauki 12, kuma sai an bar masa wani 12 a gabansa kafin murafensa su buɗu. Ƙofar ɗaki in ciki take buɗewa tana son kamar 9. Doguwar kujera mai cin mutum uku, a ce 20. In ka tara, 89 sun tafi. Saura 31, su ma ba a dunƙule suke ba, ɗan tsaki ne nan, ɗan lungu can. Ba a kawo maganar bokiti da jarka da tukwane da takalma ba tukuna.

Yanzu sauya katifar. Mai ƙafa 6 da 4 da rabi tana ɗaukar miji da mata, kuma 27 take ci. Gwauro ko ɗalibi, mai ƙafa 6 da 3 ta ishe shi, 18 kacal. Wannan sauyi kaɗai ya dawo maka da wurin shimfiɗa tabarma.

Ga gwajin da nake ba kowa. In za ka iya shimfiɗa sallaya ka fuskanci alƙibla, wadda a nan Zariya gabas ce a ɗan karkata arewa, ka yi sujada ba tare da ka ture komai ba, sannan mutum uku su zauna a ƙasa su sa kwano a tsakiya, to ɗakinka ya tsaru. In kuwa kullum sai an ɗaga wani abu an ɗora kan gado kafin a ta da kabbara, kaya sun yi yawa. A tura manyan kaya jikin bango da kusurwa, a bar filin ya zama guda ɗaya a dunƙule daga bakin ƙofa zuwa tsakiya.

Sai maganar gado ko ƙasa. Kowanne da amfaninsa. Mai kwana a ƙasa yana da damar ɗaga katifarsa da safe ya jingine ta da bango, ɗaki ya koma falo har dare. Amma sai ya riƙa ɗagawar da gaske. A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, simintin ɗakunan haya da yawa yana tsotso danshi daga ƙasa, ledar ɗaki ta riƙe shi, katifa ta danne. Wanda ya yi sati uku bai ɗaga ba, ranar da ya ɗaga zai ga ƙasan katifar ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ledar ta yi santsi, wani wari mai kama hanci ya taso. Fumfuna ke nan, kuma ita ce ke ta da tari da atishawa, ta tsananta wa mai asma. Duk ranar da aka samu rana a fitar da katifa ta sha, a naɗe leda a bar siminti ya bushe.

Wanda kuma ya fi son gado, to ya sa a yi masa mai dogayen ƙafafu, kamar ƙafa ɗaya da rabi daga ƙasa, yadda akwati da bakko za su shige ƙarƙashi. Masu walda suna yin na ƙarfe mai kwancewa, wanda ranar tashi za a warware shi a ɗaure. Ƙarƙashin gado wurin kayan da ba a taɓawa kullum ne: bargo da rigunan sanyi da bazara, kayan salla, akwatin lefe. A sa su cikin abu mai murfi saboda ƙurar hunturu, a riƙa jawo su ana sharewa. Abinci dai kada ya kwana a wurin.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne bango. Iyayenmu mata sun san darajarsa. Ragaya suke ratayawa su jera ƙore da kwanuka a sama, magini ya fafe musu alkuki a jikin bango don ajiye fitila, tabarma in an gama da ita a naɗe a soke ta a sama. Mu kuwa mun baje komai a ƙasa mun bar bango fayau daga kafaɗa har silin. A samu falanki biyu ko uku a wurin 'yan katako, mai walda ya yi musu mariƙai, a kafa kanta. Alƙur'ani da littattafai da takardun makaranta su hau ta sama, takardun a cikin leda saboda yoyon rufi. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kuma kada a kafa kanta mai kaya daidai saitin kan mai barci. A maimakon a yi ta dukan ƙusa goma a farfasa filasta, a samu katako guda a jera masa maratayai, a kafe shi da ƙusa biyu ko uku, ya ɗauki jaka da hula da hijabi da tawul. Bayan ƙofa ma wuri ne. Wanda ba shi da halin sif, ko ɗakin ba zai ɗauka ba, ya gitta bututun ƙarfe a kusurwa ya rataye kayansa da hanga, ya saya labule.

Abu biyu kafin a ɗaga guduma. A nemi izinin mai gida, don ƙusar da aka kafa ba da saninsa ba ita ce rigimar ranar tashi. Sannan kada a kafa ƙusa daidai saman soket ko makunnin wuta ko gefensu, domin ta nan wayar da aka binne a bango take bi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ana tare. Mun yi maganar fili, yanzu ga ta iska, kuma a nan zan ɗan ja, saboda wannan ta shafi rai.

Masana gini suna cewa faɗin taga ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin goma na filin ɗaki. A ɗakin nan namu mai 120, taga mai ƙafa 3 da 4 ke nan. Ɗakuna da yawa tagarsu ba ta kai haka ba, kuma ɗan abin da ake da shi sai a toshe. Wani ya jingina sif a jikinta, wata allon kan gadonta ya rufe rabi, wani ya cusa kwali a ramin iskar da ke saman ƙofa tun sanyin Disamba, har zafin Afrilu ya zo bai tuna ya cire ba. Iska tana son ta shiga ta wani wuri ta fita ta wani. In taga ɗaya ce, ƙofa ce abokiyarta, don haka a sa mata ƙofa ta biyu mai waya ko labule marar kauri, a bar hanya tsakaninsu babu dogon abu. Fanka ba ta kawo sabuwar iska, wadda ke ciki take juyawa.

Me ya sa na damu? Muna cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa da rani, kuma ta numfashi yake yaɗuwa, a inda mutane suka cunkushe babu iska. Manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta ɗauke fiye da mutum 11,000 a Najeriya, galibinsu a Arewa. A 2017 ma ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Tarin fuka shi ma irin wannan ɗaki yake so. A ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, in mutum fiye da uku suna kwana a ɗaki guda, ana lissafa shi a cunkoso. Na san akwai ɗalibai biyar ko shida da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki ɗaya, na san akwai magidanci da iyalinsa bakwai, kuma ba da son ransu ba ne. To in ba a iya rage mutane ba, a ƙara musu iska, a kuma kai yara riga-kafi duk lokacin da aka yi shela.

Sai gawayi. Da hunturu, sanyin Samaru ba wasa ba ne, sai ka ga an shigo da kurfoti ko kasko an rufe ƙofa da taga don a ji ɗumi. Don Allah a daina. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ba ta tashe mai barci, ƙara nutsar da shi take yi. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. In kuka ga duk mutanen ɗaki sun kama ciwon kai lokaci guda, ku fita waje nan take, ku buɗe ko'ina, wanda ya galabaita a garzaya da shi asibiti. Irin wannan gubar ce hayaƙin janareta ke fitarwa, shi ya sa ba a kunna shi a lungu ko gindin tagar wani. 'Yan uwa mata, ban ce a bar turaren wuta ba, ƙamshi ado ne na ɗaki. A turara ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta.

Tukunyar gas kuma, ko 'yar ƙaramar nan ce mai kilo 3 ko 6, a san halinta. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai katifa a ƙasa ya sa kansa. In da baranda ko kicin, can ne wurinta. In dole sai a ɗaki, to kusa da ƙofa ko taga, a tsaye, nesa da labule da gidan sauro. Lokaci-lokaci a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a wuyan tukunyar da mahaɗar tiyo. In ka ga kumfa tana hurowa tana fashewa, akwai yoyo, a kai wa masu gyara. Ranar da aka shigo aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin wuta, kada a ƙyasta ashana don dubawa. A buɗe ƙofa da taga, a rufe kan tukunya, a fitar da ita.

Wutar lantarki ma tana da nata tarkon a ƙaramin ɗaki. Soket ɗaya ne, sai a jona masa hita da dutsen guga da abin girki da cajar waya, waya ta yi zafi a ƙarƙashin leda. Mafi haɗari kuma shi ne hitar da aka tsoma a bokitin roba, aka ɗauke wuta, aka manta aka tafi lacca ko aka yi barci, wuta ta dawo babu kowa. A mai da shi ɗabi'a, da zarar an ɗauke wuta a bi a zare duk abin da ke zafi. Maganin sauro kuwa, gidan sauro mai magani ya fi komai dacewa da ɗaki ɗaya, a ɗaure shi da dare, da safe a tattare shi sama. Sniper da ota-piya-piya da ake yayyafawa, guba ce mai ƙarfi ta kashe ƙwarin gona, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019. Ɗakin da tukunyar miya take taku biyu daga gado ba wurinta ba ne.

Yanzu bari in juyo wurin iyayena mata da iyayen amare, in yi magana cikin ladabi, don na san wurin da zan taɓa yana da zafi.

Kowa ya san ranar jere. Akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan haya, an sauke gado da sif da madubi da saitin kujeru da kabad ɗin kwanuka da firij. Gwaggo da inna da yayyen amarya sun ɗaura ɗamara. Sai a tarar sif ya ƙi shiga ƙofa, a aika a kira kafinta ya kwance shi a tsakar gida. An haɗa gado, ya cinye ɗaki har ya danne rabin taga. An tura doguwar kujera da ƙyar, sauran biyun babu wuri, sai a jingine su a lungu a lulluɓe da leda, ko a roƙi maƙwabciya, ko a mai da su gidan iyaye. Kafin shekara ta zagayo, ruwa ya taɓa su, ɓera ya yi gida a ciki, katakon ya kumbura. Uban yarinya kuwa har yanzu bai gama biyan kafinta ba, wataƙila gona ya jinginar, uwar ta kwashe adashinta na shekara biyu. Ita kuma amarya tana zaune a ɗakin da sai ta karkace kafin ta wuce, tana girki a bakin ƙofa, in ta haihu babu inda yaro zai yi rarrafe.

Ba na raina kayan ɗaki. Gata ne, mutuncin 'ya ne a gidan miji, kuma dukiyarta ce ta kanta wadda babu mai iko da ita. Saboda dukiyarta ce ma ya sa nake jin ciwon a bar ta tana ruɓewa a lungu don gudun kada dangin ango su ce ba a yi ba. Hausawa suka ce daidai ruwa daidai tsaki. Tun da an san ɗakin da za a kai ta, a tura mutum da tef kafin a ba kafinta ko sisi. A yi mata gado madaidaici mai durowoyi a ƙasa, da sif siriri mai tsawo har kusa da silin, mai madubi a jikin murfinsa, ka ga an huta da madubi na daban. A sa kujera ɗaya mai cin mutum biyu, ko kafet mai kyau da tuma-ƙasa da matasai, waɗanda in an tashi za a tara su a kusurwa. Ragowar kuɗin a saya mata abin da ba ya cin fili kuma ba ya lalacewa: ɗan kunnen zinariya, ko keken ɗinki, ko tunkiya a bar mata a gida, ko a biya mata kuɗin makaranta. Ranar da Allah ya buɗa suka koma ciki da falo, ta sayar ta yi kujerun da ake yayi a lokacin. Dangin ango, ku ma da naku. Ku ne kuka kama ɗakin, kun san girmansa, to ku sauƙaƙa baki ranar ganin ɗaki. Yawancin wannan wahala tsoron maganarku ce ke jawo ta.

Abinci da ruwa, a taƙaice. Shinkafa da wake da garin kwaki su shiga bokiti ko roba mai murfi, a ɗora a kan ɗan benci. Buhu a ƙasa gayyatar ɓera ne, kuma ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. A wanke kwanuka kafin a kwanta, shara ta kwana a waje. Ruwan da aka saya wurin 'yan garuwa, jarka ta fi baho, don tana tsayawa a kusurwa kuma tana da murfi.

In akwai ƙaramin yaro, ku durƙusa daidai tsayinsa ku dubi ɗakin, duk abin da hannunsa zai kai ku ɗaga shi sama. Kalanzir a robar lemo ya sha kai yara asibiti. Bokitin ruwa a buɗe, ko rabi ne, yana iya halaka mai rarrafe in ya faɗa da ka. Ƙwayoyin kafur da ake zubawa cikin kaya saboda kyankyaso, a nisanta su da kayan jariri, domin akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana jawo musu shawara mai tsanani. Yara in sun fara wayo, labule mai kauri da aka ja a kan waya tsakanin gadon iyaye da shimfiɗarsu ya zama dole, kuma addini ya yi umarni a raba musu makwanci in sun kai shekara goma. Labulen ya tsaya ƙasa da silin kaɗan don iska ta wuce, da rana a zuge shi.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai da kuke haɗa ɗaki, ku zauna tun ranar farko ku raba wuri, kowa ya san kusurwarsa da kantarsa da ranar shararsa. Babu dalilin a ce mutum uku, risho uku, bokiti shida. Ku haɗa abin da za a iya haɗawa. Teburin karatu mai naɗewa ya fi, ko falanki mai maƙale da bango wanda ake saukewa in an gama.

In za ku sayi kaya, ku jira ƙarshen zangon karatu, lokacin da masu gamawa ke karyar da katifa da fanka da tukunyar gas. Ana samun rahusa, amma a duba da kyau. A buɗe ɗinkin gefen katifa da tsagar katakon gado a hasken rana. In an ga ɗigo-ɗigon baƙi ko ɓawon ƙwaro, kuɗin cizo ne, a bar wa mai shi abinsa ko da kyauta ya bayar, don in ya shiga gidan haya daga ɗaki zuwa ɗaki yake bi, fitar da shi sai an sha wuya. Tukunyar gas da ta yi tsatsa a gindi ko ta lotsa, ita ma kada a karɓa. Sannan duk abin da za ku saya, ku tuna zaman na 'yan shekaru ne, ku zaɓi wanda Keke Napep ɗaya ko biyu za su kwashe ranar da za ku miƙa makulli.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ya kamata mai neman ɗaki ya tambayi dillali da mai gida kafin ya biya kuɗi, tun daga la'ada har kuɗin wuta da na kwashe masai.  

(Kiɗan rufe shiri)